Rantsuwar Malam Abdulbaƙi

Hantsi ya dubi ludayi, Fadila na tsugune a bakin rariya tana wanki, ƙanwarta Siddiƙa na zuba mata ruwa tana tsokanarta.

"Amarya guda da wanki? Wallahi in Yaya Sada ya ji, sai ya kai ƙararmu Hisba!"

"Ke dai bakinki ya girme ki. Zuba ruwa, malama, ki bar ni da..."

Farin wandon mahaifinta ne ta ɗago daga cikin kayan, wanda ba ta san yadda aka yi ya shigo wankinta ba, don kayan Malam, Inna ce kaɗai ke taɓa su. Gaban wandon duk jini ne, wani ya bushe ya yi baƙi, wani kuwa ɗanye shar.

Ta miƙe da kumfa a hannu ta faɗa ɗakin mahaifiyarta.

"Inna! Mene ne wannan?"

Inna Haulatu ta fizge wandon ta tura ƙarƙashin katifa. "Ke da wa ya aike ki? Ina ruwan 'ya mace da wandon ubanta?"

"Don girman Allah, Inna, tun yaushe?"

Inna ta kawar da kai. "Tun azumin bara yake fitsarin jini. Ya ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa. Yana shan jiƙo."

Tsargiya! A Baure, inda Malam Abdulbaƙi ya tashi kafin karatu ya kawo shi cikin Daura, kowane yaro da ke wanka a kududdufi sai ya yi fitsarin jini, har manya su riƙa dariya suna cewa yaro ya fara zama namiji. To abin da mutum ya ɗauka alamar girma yana yaro, yaya za a yi ya kai shi gaban likita da furfura a gemunsa? Shi ya yi shiru, matarsa ta yi shiru, ciwo kuwa bai yi shiru ba.

Ga shi gidan nasu gida ne na kunya, irin ta mutanen da. Fadila ita ce 'yar fari, tun da aka haife ta Malam bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "yayar Siddiƙa". Ko gaishe shi za ta yi, daga bakin ƙofa take durƙusawa. Ta ina za ta fara yi masa zancen fitsari? Haka ta wuni da tsoro cunkushe a ƙirji, tuwon rana ma ko loma ba ta iya kaiwa baki ba.

Ba a rufa mako ba abin ya fallasa kansa. Bayan la'asar, Malam ya sallami dattawan da yake karantarwa a zaure, ya shigo zai kama ruwa, sai suka ji faɗuwarsa a ƙofar bayi. Fitsarin ya tsaya cak, mararsa ta kumbura, gumi na keto masa. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Namiji ko ɗaya babu a gidan, don Allah bai ba Malam ɗa namiji ba, su biyu ne rak, Fadila da Siddiƙa.

Fadila ta danna lambar Sada.

Sada malamin firamare ne, ɗan marigayi Alhaji Jafaru, aminin Malam tun suna samari. Shekara uku ke nan suna son juna shi da Fadila, an kawo lefe, an sa rana bayan kaka. Kafin a ce kwabo ya iso da motar wani abokinsa. Daga babban asibitin gari aka zare wa Malam fitsarin da roba, aka ce maza su wuce Kano.

* * *

A Kano aka yi ta gwaje-gwaje, yau hoto, gobe ɗibar jini, jibi a yanki ɗan nama a kai awo. Ranar da sakamako ya fito, Sada ya tsaya a waje saboda kunyar surukuta, Inna da Fadila suka shiga tare da Malam.

Likitan bai yi kwana-kwana ba. "Malam, ciwon daji ne a mafitsara. Tsohuwar tsargiyar da ba a yi maganinta ba tana iya jawo shi. An yi sa'a bai bazu ba tukuna, amma yana kan hanya. Sai mun cire mafitsarar gaba ɗaya, mu buɗe 'yar ƙofa a gefen ciki, fitsari ya riƙa taruwa a wata jaka da ake mannawa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Inna.

Fadila ta ji ɗakin na juyawa da ita. Daji! Sunan da ko a bakin mata ba a faɗarsa sai an rage murya.

"Wani abu kuma," likita ya ci gaba, "ku zo da namiji mai ƙarfi da zai yi jinya. Ɗakin maza ne, mace ba ta kwana. Shi zai ɗaga shi, ya goge masa jiki, ya kai shi bayi, har ya samu ƙarfi. Kuma don Allah kada ku yi jinkiri. Wannan ciwon ba ya jiran kowa."

Suka kamo hanya suka dawo Daura.

Washegari sai ga ƙaninsa, Baffa Mati, ya diro daga Baure da ƙullin sassaƙe a buhu. Tun daga zaure ake jin muryarsa.

"Tiyata? Ashe ba ku da hankali! Wa ya taɓa jin an sa wa daji ƙarfe? Ko allura ta taɓa shi sai ya haukace ya cinye mutum! Ni dai ba da ni ba, ba zan je in riƙe ɗan'uwana a yanka shi kamar ragon layya ba!"

"Baffa, likita fa ya ce..." Fadila ta fara daga bakin ƙofa.

"Ke rufe mana baki! Boko ya ɓata ku. Likita ne ya haife shi?"

Ya zube sassaƙensa ya koma gona, don damina ta kankama. Malam kuma ya aiko wa iyalinsa da magana ɗaya ta bakin Inna: ba za a yi aikin ba.

Fadila ta yi ta saƙe-saƙe. Ta ce ko tsoron najasa ne, yadda mutum zai tsaya salla da jakar fitsari a jikinsa. Ta roƙi Inna ta tuna masa cewa addini ya yi wa mai lalura sauƙi. Inna ta shiga, ta fito idanunta jawur.

"Ya ce hukuncin mai lalura shi ke karantar da shi, ba sai an koya masa ba. Ba kuma maganar Mati ce ta tsorata shi ba. Jinyar ce, Fadila. Ya ce ba shi da ɗa, ɗan'uwansa ya ƙi, ɗalibansa kuwa ko da wasa kada a gaya musu. Bare kuma ba zai buɗe masa jiki ba. Wai gara ya koma ga Allah da suturarsa."

Daga nan kwanaki suka riƙa tafiya da Malam kaɗan-kaɗan. Rigunansa suka yi masa yawa. Tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango. Kullum da safe Fadila kan tsaya a tsakar gida ta kasa kunne, ba ta iya sakin numfashi sai ta ji tarinsa. In aka yi sallama da ƙarfi a ƙofar gida, sai ta zabura ta leƙa. Tana ganin ubanta na mutuwa a gabanta, ba don babu magani ba, sai don babu wanda zai riƙe masa fo ya yi bayan gida.

Ran nan Sada ya zo zance, ta kasa daurewa ta fashe da kuka, ta zayyane masa komai.

"Ki daina kuka. Gobe zan ga Malam."

"Kai? Ka san ko ruwa ba ya sha a gabanka!"

"Na sani. Da gaske nake, zan gan shi."

* * *

Washegari da la'asar sakaliya, Fadila ta ɗauko kwanon kunu za ta miƙa zaure, sai ta ji muryar Sada. Ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Allah gafarta Malam, makaranta ta ba da dogon hutu. Na zo neman alfarma, a bar ni in yi jinyar."

Malam ya ce, da wata murya da ba ta taɓa ji ba, "Sada, ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Malam. Kai ka yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Kai ka wanke mahaifina ka sa shi a kabari. In ba ka da ɗa, to ni mene ne?"

"Da kai ɗa ne. Yanzu suruki ne, ka fi kowa nisa da wannan aiki!"

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi..."

"Ni za ka yi wa karin magana?" Malam ya daka masa tsawa, tari ya sarƙe shi. "To saurara da kyau! Wallahi tallahi, duk wanda ya ga tsiraicina ba zai zauna a gabana da sunan suruki ba! Na rantse! Tashi ka ba ni wuri!"

Fadila ta runtse ido. Ta san nufinsa: ya faɗi haka ne don ya toshe bakin yaron, ya tabbata ba saurayin da zai yarda ya rasa amaryarsa saura 'yan watanni biki. Ta jira ta ji takun fitar Sada. Ba ta ji ba.

"Na ji rantsuwarka, Malam," in ji Sada. "To a mayar mini da kayana. Na fasa auren. Yanzu ni ba suruki ba ne, ɗan Jafaru ne. Yaushe za mu tafi Kano?"

Kwanon ya suɓuce daga hannunta, kunu ya malale har cikin zauren.

Malam ya haƙa rami ya faɗa da kansa, kuma shi ba mutumin da ke magana biyu ba ne. Da kyar ya ce, "Jibi."

Sada na fitowa ta zaga ta ƙofar baya ta tare shi a lungu, ko mayafin kirki babu a kanta.

"Ni kaya ce? Ni akwatin lefe ce da za ka ajiye ba ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ki, me za ki ce?"

Gaba kura baya sayaki. In ta ce kada ya je, ta kashe ubanta. In ta ce ya je, ta kashe aurenta.

"Kin gani?" ya ce a hankali. "Shi ya sa na ɗauke miki. Miji ana sake samu, Fadila. Uba fa?"

"Ni ba wani mijin nake so ba!"

"Ni ma ba wata nake so ba. Amma in na aure ki a kan kabarinsa, alhali ina iya hanawa, da wane ido zan dube ki?"

Ya juya da sauri don kada ta ga hawayensa. Ta gani kuwa.

Da safe mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, ta iso da motar a-kori-kura da kanta, ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu.

"Yau na ga abin da ya ishe ni! Ɗana ya ajiye amarya ya ɗauki fo! To ku fito mini da akwatunana. Ai ba a rasa mata ba a Daura, ga Laraba 'yar ƙanena nan, son kowa ƙin wanda ya rasa!"

Aka yi ta fita da akwatuna, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kafin azahar labari ya kai har bakin rijiyar Kusugu, kowa da irin ƙarin gishirinsa. Fadila ta shige ɗaki ta kifa kai a gwiwa, ta yi kuka har muryarta ta dishe.

* * *

Ranar tiyata tun da sassafe aka tura Malam a gadon marasa lafiya. Ƙofar ta rufe. Inna na jan carbi. Duk nas ɗin da ta fito sai Fadila ta zabura ta miƙe. Maganar Baffa Mati ce ke ta yi mata amsa-kuwwa a kunne: ƙarfe ba ya taɓa daji. Idan fa gaskiyarsa ce? Idan ta rasa uban, ta rasa mijin, duk a banza?

Azahar ta wuce. La'asar ta kawo jiki. Sannan likita ya fito yana cire abin rufe hanci.

"Alhamdulillahi, mun cire shi. Da kun ƙara wata guda, da wani zancen ake yi."

Inna ta faɗi ta yi sujada a kan simintin asibiti.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Kwana kaɗan zazzaɓi mai zafi ya rufe Malam, wurin ɗinkin ya yi ruwa, ya riƙa sambatu yana kiran Jafaru, amininsa da ya rasu. Likitoci suka ce a yi ta addu'a. Su Fadila na sauka a gidan wata 'yar'uwar Inna, sai lokacin ziyara suke zuwa da kunu, kuma kullum da fargaba take taka matakalar ɗakin, tana tsoron ta tarar da gadon an naɗe katifarsa.

Kullum kuwa Sada na nan. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Shi ke juya Malam, shi ke goge masa jiki, shi ya koyi manna jakar da sauya ta wurin nas-nas. Wata rana suka yi kiciɓis a baranda, yana ɗauke da fo an rufe da tsumma. Ya ɗan ja da baya.

"Sannu da zuwa, ƙanwata. Yau ya sha kunu sosai."

Ƙanwata! Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya," ta wuce da sauri, ta samu bayan wata bishiya ta share ido.

Allah cikin ikonSa zazzaɓin ya sauka. Aka sallame su, aka shiga zirga-zirgar Kano ana yi masa ƙarin ruwan maganin daji, mai sa amai da zubar gashi. Duk tafiya Sada ne a gefensa. Hutu ya ƙare, yana fita aji sai tasha. A gida kuwa Inna ta karɓi aikin jakar, har ta fi nas iyawa, in ji ta.

Aka yi girbi, aka kai amfanin gona rumbu, ranar da da za a ɗaura aure ta zo ta wuce kamar kowace rana. Malam ya fara yin kumari, har ya koma karatu a zaure. Amma wani abu ya tsaya wa Fadila a rai: duk lokacin da Sada ya zo gaisuwa, sai Malam ya sunkuyar da kai, ya amsa a gajarce, ko kallonsa ba ya yi. Ta ce shi ke nan, rantsuwa ta zauna daram. Ga Siddiƙa kuma kullum da sabon labari: Hajiya Kubura ta ɗaga wa Sada hankali a kan Laraba, ta ce kafin azumi sai an yi. Shi kuwa sai haƙuri yake ba ta.

Fadila ta daina kuka a gaban mutane. Ta riƙe salla da addu'a. In ta ji tarin mahaifinta da safe sai ta ce wa zuciyarta, "Ga abin da aka saya da aurenki, kuma bai yi tsada ba." Wata rana zuciyar ta yarda, wata rana ta ƙi.

* * *

Wata Juma'a da hantsi Inna ta auno gero da wake, ta fito da kaji.

"Malam ya ce ki yi tuwo mai kyau, na mutum goma. Ke kaɗai ya ce ki dafa."

Fadila ta ɗauka sadakar samun lafiya ce. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, aka zuba a kwanuka, Siddiƙa ta rarraba wa tsofaffi da gajiyayyun unguwa. Tana cikin wanke tukunya, bayan an sauko daga masallaci, sai ta ji muryar Malam daga zaure.

"Fadila!"

Ta ci gaba da wanke-wankenta. Ba ta gane da ita ake ba.

"Fadila! Zo nan!"

Tukunyar ta kufce mata. Ta dubi Inna, Inna na murmushi hawaye na bin kumatunta. Tun da ta zo duniya yau ne ta fara jin sunanta a bakin mahaifinta.

Ta ja mayafi ta durƙusa a bakin zaure. Cike yake: ga dattawan ɗalibansa, ga Baffa Mati ya yi tsuru-tsuru, ga kawun Sada, ga Sada can a kusurwa kansa a ƙasa.

Malam ya gyara zama, ya dafa gefen cikinsa. "Jama'a, a ƙarƙashin rigar nan akwai jaka, a cikinta fitsarina ke taruwa. Da ita nake salla, da ita nake karantar da ku. Na faɗa da bakina don kowa ya ji. Fiye da shekara ina ganin jini ina ɓoyewa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko na ɗansa, ya tafi asibiti, ba alamar girma ba ce. Mati, ƙarfe ya taɓa daji, ga ni zaune."

Baffa Mati ya sosa ƙeya. "Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Malam ya juya wajen Sada, karo na farko ya dube shi ido cikin ido. "Kai kuma kana ganin ina kawar da kai, ka zaci don ka ga jikina ne. A'a. Nauyin abin da bakina ya furta ne ya hana ni kallonka."

Sannan ya waiwayo ƙofa. "Fadila, kin san abincin me kika dafa yau?"

"Sadaka ce, Baba," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Kaffara ce. Wanda ya yi rantsuwa, sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya ciyar da mabuƙata goma ya warware ta. Kin tuƙa tuwon warware rantsuwata da hannunki." Ya dubi kawun Sada. "Na je da ƙafata na ba Hajiya Kubura haƙuri, ta haƙura. A dawo da akwatuna. Juma'a mai zuwa, in muna raye, ni da kaina zan ba Sada auren 'yata."

Zaure ya kaure da kabbara. Daga cikin gida Siddiƙa ta rangaɗa guɗa tun ba a ba ta izini ba. Sada ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Fadila kuwa ta kasa tashi, sai kuka take yi, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, mai sanyi.

Kunya ado ce, kuma tana cikin imani, amma kunyar da za ta hana mutum neman magani ba ta addini ba ce, ta kusa raba Malam Abdulbaƙi da ransa. So na gaskiya kuma ba a baki yake ba, yana wurin wanda ya iya sakin abin da yake ƙauna don Allah. Sada ya saki, Fadila ta yi haƙuri, Allah ya mayar musu da abinsu, ya haɗa musu da uba a raye.

Ranar ɗaurin aure, da aka kawo abinci, Malam ya jawo kwano ɗaya ya ajiye tsakaninsa da angon, a gaban kowa.

"Sa hannu, Sada," ya ce. "Ni da kai kuma me ya rage a ɓoye?"